Mai Motar Dizal a Ƙofar Asibiti

Ga shi nan tsaye, tumbi gaba, agogo na sheƙi. Motarsa mai shan dizal tana gurnani kamar injin niƙa, baƙin hayaƙi na turnuƙe bencin da muke zaune. A gefena tsohuwarsa ce, tari ya kawo ta, sai haki take.

Maigadi ya ce, "Ranka ya daɗe, a kashe mana."

"Dizal ba ta son kashe-kunna, malam. Ka san tafiyar da take da lita ɗaya?"

Ina jin a gida ma motar ake fara gaisarwa da safe. Can ya zaro hankici fari fat, baiwar Allah ta miƙa hannu tana tari. Madubin motar ya goge.