Yaya Ajimi da bajimin da bai taɓa duka ba

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu 2024, bayan la'asar, aka kira ni ina cikin aji a lakwal ɗin Waca, aka ce Yaya Ajimi, mijin yayata Lubabatu, ya cika a hanyar asibitin Magariya. Yaya, bajimin da ke jan amalanken da kake aiki da shi ne ya soke ka.

Da farko ban yarda ba, domin duk garin an san ba ka dukan dabba. Kai ne kake sauka daga amalanke in an zo yashi, ka sa kafaɗa kana turawa, wai kada san ya wahala. Shekarar da mahaifiyarmu ta karye a ƙugu, kai ka shimfiɗa mata katifarka a amalanken, ka ja akala da ƙafa tun daga Yekuwa har asibiti don kada gargada ta taɓa ta.

Amma aiki uku kake yi, Yaya. Da safe kana jan ruwa a rijiya wa masu garke. Da hantsi kana sauke buhuna daga kamyo, manyan motocin kaya, a kasuwa. Da rana har yamma kana jigilar bulo a amalanken da ba naka ba. Ba Juma'a, ba ranar salla. Shayi mai ɗaci ya daina riƙe ka, ka koma goro, daga nan ka koma ƙwayar masu tebur. Idonka ya yi ja.

Wata guda kafin rasuwarka na tare ka a bakin rijiya na ce, “Yaya, ka ajiye aiki ɗaya, jikinka ya ƙare.” Ka kwaɗa mini mari har leɓena ya fashe. Sai ka tsaya kana kallon tafin hannunka, ka durƙusa cikin caɓi kana kuka. Ka ce, “Hamisu, wanne zan ajiye? Faɗa mini cikin yaran wanda zai daina cin abinci.” Na tafi da fushina. Ban ƙara neman ka ba.

Waɗanda suka gani sun ce ranar da abin ya faru, a sawun bulo na shida, san ya gurfana cikin rana, ya ƙi tashi. Ka lallashe shi, ya ƙi. Ka zare itace ka dinga jibgar sa a fuska har jini ya ɓalle masa ta hanci. Ka kwance masa karkiya don ka miƙar da shi, ya zabura ya sa maka ƙaho a ciki, ya ɗaga ka ya maka ka da tulin bulo, ya bi ka ya tattake. Maza huɗu da sanduna suka kore shi da ƙyar. Da aka ɗauke ka, abin da ka iya faɗa shi ne, “Kada ku yanka shi, ni na zalunce shi.”

Na yafe maka marin, Yaya. Ni ne mai neman gafara, da na ga halin da kake ciki na juya baya.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya sa kabarinka ya zama wurin hutu. Yaya Lubabatu, da 'ya'yanki Hinda, da Zahara'u, da Hafiz, Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku. Amin.