Ruwan Jego a Jan Soket

Ni ban iya jira ba, kowa a gidanmu na Wurno ya sani. Shi ya sa da na gama sakandare na ce ba zan zauna ina tsintar albasar Inna ba, na bi Kawuna mai aikin wayarin, wato ja wa gine-gine wayar lantarki. Da ƙyar ya yarda, kuma da sharaɗi. Akwai wata ƙaramar asibiti a Goronyo da anka ba shi aikin wutar gaggawa, ya bar min ɗakin haihuwa ni kaɗai. In injiniya ya gwada ya amince, zan bi Kawu wani aikin a garin Rabah. In bai amince ba, albasa na jirana.

Dokar aikin ba wuya, sai dai ba ta ɗaukar wasa. Wayar gaggawa bututunta daban, ba ta haɗa hanya da wayar gari. Soket ɗinta ja ne, na gari fari. Ba a sa komai a ja sai abin da rai ya rataya a kai: injin iskar numfashi, fitilar gadon haihuwa, firjin allura. In wutar gari ta ɗauke, kafin a ƙirga goma dole batir ya kawo ta a jajayen. In an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, sai ya yanke gaba ɗaya.

Ranar gwaji na tashi ƙafafuna ba su taɓa ƙasa. A mota sai dariya nake ba dalili, har Kawu yac ce, "Ke, aljanu ne ko aure?" Na ce, "Rabah ce, Kawu!" Muna isa na ruga ɗakin haihuwa in ƙara kallon jajayen soket ɗina, don a idona sun fi lalle kyau.

Sai na ga tururi.

Wata tsohuwa daga Kagara, jikarta ta haihu da safen nan, ta girke bokitin ƙarfe gefen gado, ta jefa hita a ciki, ta soka wayar a jan soket. Ruwan wankan jego take dafawa. Hita! Abin da ke shan wuta kamar raƙumi ya samu rijiya.

Ban yi sallama ba na fizge wayar.

"Ke ɗiyar wa ce? Mi ruwana yai miki?"

"Iya, wanga soket ba na ruwa ba ne. Ga fari can."

"Fari? An ce min ja ba ya mutuwa. Ni mahaukaciya ce in bar mai rai in kama mai mutuwa?"

Wallahi sai da dariya ta kusa kayar da ni, don gaskiya ta faɗa, haka munka gina shi. Na nuna mata injin numfashi, na ce in hitarta ta kashe batir, jaririn da ya zo da wahalar numfashi ba shi da abin shaƙa. Ta dubi injin, ta dubi tattaɓa-kunnenta da ke barci, ta ce, "To ai ba ki ce ba. Amma mai jego ba ta wanka da ruwan sanyi, ko gwamna ya zo."

Na ji ƙarar mota a waje. Na ce, "Iya, ni zan hura miki itace da bakina, ki bar min jan nan." Na sunkuci bokiti mai zafi na yi waje, na ci karo da injiniya a ƙofa, ga Kawu bayansa ya zaro ido.

"Wannan ce mai wayarin?" in ji injiniya. "Ko mai ruwan zafi?"

"Duka biyu, ranka ya daɗe."

Bai yi dariya ba. Ya buɗe bututu ya duba, ya bi waya har allon wuta, ya sa abin gwaji a kowane soket. Ni kuwa ina biye da shi da bokiti a hannu. Daga nan ya ɗaga hannu aka kashe wutar gari. Fanka ta fara lilo tana mutuwa, fararen soket sunka yi shiru. Kafin in haɗiye yawu fitilar gado ta haska, injin numfashi ya ci gaba da huci.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Masu jinya sunka rugo suna tambaya, "Mi anka samu, mace ko namiji?"

Injiniya ya ce a sa wa jajayen murfi saboda masu hita, sannan ya gyaɗa kai. Kawu bai yabe ni ba, ba ya yi. Cewa ya yi, "Ki faɗa wa Innarki gobe da sassafe za mu Rabah."

Ina tsalle sai na ji an ja min gyale. Tsohuwa ce. "Injiniya, ruwana ya huce."

Na durƙusa bayan asibiti ina hura wuta, hayaƙi na sa ni hawaye, ina ta dariya.