Tabon Garwashi a Atamfar Inna

Shekarun da muka yi a Riyad, maigidana yana aiki a ofishin jakadanci, maƙwabciyata wata dattijuwar Baturiya ce 'yar ƙasar Finland, mijinta injiniya ne a unguwar Ulaya ta cikin birnin. Sana'arta ƙirƙiro adon da ake bugawa a jikin yadi. Da farko na ɗauka rashin aikin yi ne, mace da furfurarta tana wasa da fenti kamar 'yar firamare.

A hankali ɗakinta ya zama wurin hirata. Har yau ina kewar warin fentin nan, da shayinta marar sukari da nake sha don kara. Takan zana ganyayen dajin garinsu, ta sa almakashi ta raba takardar huɗu, ta mayar da gefuna tsakiya, don in an jera adon ya haɗu ba a ga gaɓa ba. Ranar da na fara ganin haka har salati na yi.

Ina da atamfar Inna, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ita kaɗai ta rage min cikin kayanta. Shuɗiya ce mai ganye-ganye, ta tsufa har ana hango tafin hannu ta cikinta, irinta kuma ta ɓace a kasuwa. Duk buɗe akwati sai na tarar ta ƙara yagewa. Wata rana na cire kunya na kai wa Baturiyar.

"Madam, za ki iya fitar min da irin wannan?"

"Mafi mushkila," ta ce. Wato ba matsala; iyakar Larabcinta ke nan.

Ta daɗe tana aikin. Ranar da ta shimfiɗa sabon yadin a tebur, raina ya ɓaci. Gefen kowane ganye ga wani ɗigo ruwan ƙasa, kuma nan take na gane shi. Ina ƙarama garwashi ya yi tsalle ya faɗa cinyar Inna tana suyar ƙosai, ya bar tabo ɗaya tak. Ashe Baturiyar, baiwar Allah, ta zaɓi wurin da launi bai koɗe ba ta kwafa, nan kuwa tabon yake. Ta ɗauka cikin adon yake, ta maimaita shi tun daga farkon yadi har ƙarshe.

"Haba Madam! Ai wannan ƙuna ce!"

Fuskarta ta yi jawur. Ta ce in yi haƙuri, za ta sake bugawa, ta fara naɗe yadin. Na ɗora yatsa a kan ɗigo ɗaya, sai ga Inna a idona, ta zabura tana kaɗe cinya tana dariya, matsamin ƙosai bai bar hannunta ba. Hawaye suka zubo min.

"Bar shi haka," na ce.

Baturiyar ta koma ƙasarsu, ban sake jin ɗuriyarta ba. Tsohuwar atamfar ma ta zama tsumma. Sabuwar nake ɗaurawa duk ranar da zan soya ƙosai, ko ina na duba a jikina sai na ga Inna.