Babin Ƙarshe Yana Tafa

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi hutun da ba zan manta ba, na san wanda zan faɗa. Lokacin ina sabon malami a Suleja, tun ana ce mata Abuja, ga ƙuruciya, ga ganin na fi kowa dabara.

Tsofaffin malamai sun gargaɗe ni cewa dogon hutun damina yakan wanke kan yara tas. Littafin labari ɗaya tak gare ni, sai na warware ɗinkinsa na raba wa 'yan ajina babi-babi, na ce wanda ya gama nasa ya yi musaya da wani. Babin ƙarshe ya faɗa hannun wani dogon yaro mai zama a baya, wanda in ya tashi karatu sai ka tausaya wa haruffan. Mahaifinsa ya riga ya gaya mini in hutu ya ƙare bai iya ba, gona za ta karɓe shi. Maganar ta tsaya mini a rai.

Abin da ban lissafa ba shi ne, yara a tsakar gida suke karatu, kuma da ƙarfi. Wata safiya sai ga wata tsohuwa mai daddawa, kakar wasu 'yan ajina, wadda kullum take kiran boko aikin banza, ta yi mini sallama.

"Ɗan nan, wace irin mugunta ce wannan? Ka bar mana yarinya a kan bishiya, kura na ƙasa, tun wancan makon ba ta sauko ba!"

Na ce, "Iya, mai babin ƙarshe ubansa ya tafi da shi noma Tafa."

Ta ce, "To Tafa bangon duniya ce?"

Haka muka hau motar kasuwa, ni da ita da jikokinta. A gona muka same su. Na miƙa hannu in karɓi takardun, yaron ya noƙe ya ce, "Malam, ni zan karanta." Gabana ya faɗi, don ga mahaifinsa nan tsaye ya dogara da fartanya.

Ya zaro su daga aljihu, sun yi laushi kamar ganyen miya. Ashe da bai sami abokin musaya ba, su ya yi ta maimaitawa. Ya fara da ɗan tuntuɓe, jikokin suka soma dariya, Iya ta daka musu tsawa. Daga nan bai tsaya ba sai da yarinya ta sauko lafiya. Maƙiyiyar boko ta rangaɗa guɗa a tsakiyar dawa.

Mahaifin ya yi gyaran murya ya ce, "Sake karanto mini wurin kurar nan." Ranar komawa makaranta, shi da kansa ya kawo shi a bayan keke.

Tun daga ranar na daina yi wa yara barazana da bulala kan karatun hutu. Yaro yakan dage ne in ya san akwai mai jiran jin ƙarshen labari daga bakinsa.