Layi na Biyu na Adireshi

Duk wanda ya taɓa yankar kati a ƙaramin asibitin nan na Limawa ya san Esta Irimiya, in bai san sunanta ba to ya san muryarta. Gajeriyar mace ce 'yar Paiko, ga faɗa ga kirki, kuma ba ta iya zama wuri guda. Kujerarta ta ɗakin kati ta fi kowace kujera a asibitin samun hutu. Shekara ashirin da ɗaya tana tahowa daga Maitumbi, da a bayan okada, yanzu a keke napep, kuma har yau takan sauka tun direba bai gama tsayawa ba.

Manhajar kwamfutar da suke aiki da ita tsohuwa ce tukuf, tun ta 2004. Tana da gurbin suna, da shekaru, da adireshi layi biyu, amma wanda ya rubuta ta, Allah Ya yafe masa, bai bar gurbin maganin da jikin mutum ba ya karɓa ba. Esta ce ta kwashe katunan takarda ta zuba a kwamfuta a shekarar. A katin 'yarta Hadassah akwai rubutu da jan biro cewa kada a ba ta maganin salfa. Ta duba babu inda za ta sa, ta ce ai ni uwarta ina nan, ta wuce. Bayan wata huɗu tana Paiko wajen jana'iza, zazzaɓi ya kama yarinyar, maƙwabciya ta kawo ta, likita ya duba kwamfuta bai ga komai ba, ya ba ta salfa. Hadassah ba ta kai shekara bakwai ba.

Tun daga nan Esta ta mayar da layi na biyu na adireshi wurin gargaɗi. A ƙasan sunan unguwa sai ka ga an rubuta kada a yi wa wane allurar kaza. Wani manaja ya taɓa ba ta takardar tuhuma wai tana ɓata bayanai. Ta amsa da ladabi, washegari ta ci gaba da abinta. Tsofaffin likitoci da nas-nas duk sun san su leƙa ƙasan adireshi kafin su rubuta magani, amma ba a taɓa rubuta wannan doka a ko'ina ba.

Bana asibitin ya sayi sabon rumbun bayanai. Likitoci suka ce su fa ba za su bar manhajar da hannunsu ya saba da ita ba, don haka aka ɗauko injiniya, wata mata mai suna Kafayatu, ta haɗa tsohuwar manhajar da sabon rumbun. Ta yi wa Esta bayani cewa shi wannan ba layi-layi yake ajiye abu kamar rajista ba. Majinyaci abu ne guda, gidansu abu ne guda, likita ma haka, kowanne da nasa bayanin, an ɗaure su da juna. Ita aikinta gada ce, manhaja ta tambaya, gada ta ɗauko daga rumbu ta miƙa mata. Esta ta gyaɗa kai, hankalinta na kan layin mutane, ga shi ƙarshen wata za ta yi ritaya. Maganar layi na biyu ko kusa ba ta faɗo mata ba.

Ranar Litinin aka kunna gadar. Ranar Talata da hantsi Malam Ndagi tela ya zo da tari mai tsanani. Ta buɗe katinsa, ta ga adireshi tsaf: Limawa, bayan makarantar allo. Ta miƙa masa lamba, ya tafi. Sai da ta sallami mutum biyu sannan ta tuna. Ai Ndagi ne wanda penisilin ya kumbura wa maƙogwaro shekarun baya, har aka fitar da rai. Ta sake buɗewa. Layi na biyu fayau. Mutum goma sha ɗaya na gidansu yanzu adireshi guda suke rabawa, gada ta ɗauki layin farko ta zubar da sauran kamar shara.

Kuma likitan da ke aiki ranar Dakta Philip ne, sati biyu kacal da zuwansa. Ndagi kuwa ko sunan maganin bai riƙe ba, shi dai ya san wata allura ta taɓa wahalar da shi. Esta ta bar takalminta ƙafa ɗaya a ƙofa, ta banka ɗakin likita ko ƙwanƙwasawa babu. Ta tarar da shi biro a hannu.

"Likita, don Allah tsaya. Kada ka ba shi penisilin."

Ya dube ta, ya dubi kwamfuta, ya soke abin da ya fara rubutawa.

Wannan mutum ɗaya ke nan. Saura nawa? Ita kanta ba ta sani ba, kuma nan da kwana goma sha biyu ba ta nan balle ta yi gudu. Ta je ta sami Kafayatu, ta zazzage mata komai a tsaye, rabi faɗa rabi kunya. Injiniyar ba ta yi musu ba, ta ce laifin nata ne da ba ta tambaya ba, kuma ta ajiye kwafin tsohon bayani. Ta ƙirƙiri sabon abu a rumbun mai suna gargaɗi, ta ɗaure shi a jikin mutum maimakon gida, yadda zai fito da ja da zarar an buɗe kati.

Kwana uku suna bi ɗaya bayan ɗaya, don na'ura ba ta iya bambanta "kusa da famfo" da "kada a ba ta asfirin". Kafayatu na karantawa, Esta na zagaya tebur tana cewa wannan gargaɗi ne, wannan kwatance ne. Ta tare kowane sabon kati da kanta, abinci ma a tsaye take ci. Suka tattara ɗari shida da goma sha huɗu.

Ranar Juma'a da la'asar saura guda, wanda ya fi kowanne tsufa, na Oktoban 2004.

"Mama, wannan mai katin ta rasu, kuma bayan rasuwar ma aka rubuta. Mu bar shi ko? Sunanta Hadassah..." Sai Kafayatu ta ga sunan uban, Irimiya, ta ɗago ta dubi Esta.

Esta ta daina zagayen.

"Saka shi, 'yata. Wancan karon cewa na yi babu gurbinsa."

Kafayatu ta buga. Jan layi ya fito a saman katin: kada a ba ta maganin salfa. Esta ta karanta sau biyu, ta jawo kujerar nan tata ta zauna.