Ranar da zobon amarya ya yi baƙi

Ɗazu matata Hajiya ta miƙo min kofin zobo, sai dariya ta kama ni. Na tuna satin da ta tare a gidanmu na Kudan, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba.

Zobonta na farko ke nan, sai ya fito baƙi-baƙi, har da wani kore-kore. Gwaggona ta leƙa tukunyar, ta tafa hannu.

"Ban faɗa muku farar ƙafa gare ta ba? A mayar da ita Makarfi tun da wuri!"

Amarya na bakin murhu tana ta kuka.

Ni dai ban yi boko mai nisa ba, amma na taɓa raka malamin gona yana auna ƙasar gonakin rake. Yana da wata 'yar takarda, in ta taɓa tsami ta yi ja, in ta taɓa kanwa ta rikiɗe. Na ce a raina, ko zobo ma haka yake?

Na jiƙa tsamiya, na tsiyaya a ciki a hankali. Wallahi a gaban kowa ya koma ja wur!

"Gwaggo, wa ya jiƙa kanwa a tukunyar nan?"

Ta harare ni, ta ce, "Ni ce, ja'iri. To sai me? Ke 'yar nan, share hawayenki, zubo min in ɗana."

Sai da ta nemi ƙari.

Ba don tsamiyar nan ba, wa zai ba ni zobo yau? Ku fa, an taɓa ɗora wa wani laifin tukunya a gidanku?