Ta Gefe Ta Shiga: Zuwana Kallon Wasan Ƙarshe a Zuru

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Har yanzu ƙuguna bai koma daidai ba, muryata ta dishe, kuma mutanen da muka yi shekaru muna gaisawa sun kusa baro ni a Zuru. Masu tambayata sun yi yawa, na gaji da maimaitawa, shi ya sa zan rubuta sau ɗaya. Wanda ya ga kuskure ya yi haƙuri, ban yi nisa a boko ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai kula da filin ƙwallo na wata kwaleji a Birnin Kebbi. Ni ke yanke ciyawa, ni ke zuba layi, ni ke ɗinke raga. Ɗalibai na kirana Baba Mai Layi. Bana yaranmu suka kai wasan ƙarshe a gasar kwalejoji, aka ce za su kara da wata kwaleji ta Zuru, a filinta.

Sati biyu kafin wasan babu abin da ake yi a waya sai gardama. 'Yan Zuru suka ce ba mu cancanci zuwa wasan ƙarshe ba, domin wasan kusa da na ƙarshe ba mu buga shi ba, motar waɗanda za mu kara da su ce ta lalace a hanya aka ba mu nasara muna zaune. Har suna suka sa mana, wai 'yan kyauta. Namu kuma suka ce su 'yan Zuru ba su iya cin kowa sai a gida, filinsu gangare ne, kuma wasa biyu da fenariti suka tsallake. Ni dai na ce a bari a buga, a ga wanda kofi ya dace da shi.

Mun tashi da asuba ranar Asabar, ana idar da salla. 'Yan wasa sun riga mu tafiya tun Juma'a, mu magoya baya muka ɗauki hayar bas. Kujerar baya aka ba ni, daidai kan taya, kusa da mai ganga. Shugaban magoya baya, wani akawu ne a kwalejinmu mai ƙatuwar murya, yana gaba kusa da direba. Tun daga Kalgo ya fara waƙa, ba mu kai Jega ba na gane kunnena na hagu ya shiga uku.

A Koko muka tsaya shan shayi. Mai shayin ya ga rigunanmu ya tambayi inda za mu, da aka faɗa masa sai ya ce ai ya ji labari, mu ne waɗanda aka ba wasa kyauta. Shugaba ya ajiye kofi ya tsaya yi masa bayanin dokar gasa har shayinsa ya huce. Ni na sayi ƙosai na ci abina. Ƙosan Koko manya ne, sai dai mai ya yi musu yawa.

Daga Koko muka karya muka kama hanyar Mahuta. Wani wuri kwalta sumul, wani wuri rami sai ka ce an yi haƙar rijiya an fasa. Duk ramin da direba ya faɗa, ni ke fara sani. Amma ƙasar na da kyau, ba zan ɓoye ba. Mu da muka saba da fili fetal, sai ga duwatsu na tasowa, dawa ta yi tsawo ta rufe gidaje, mata ɗauke da itace, mashina ɗauke da buhuna har ba ka ganin mai tuƙin. A shingen jami'an tsaro wani ya leƙo ya ga ganga, ya ce mu je, amma mu shirya kuka. A Dabai yara suka bi motarmu suna kiran 'yan kyauta. Ai daga yankin nan sunan ya fito.

Mun shiga Zuru da hantsi. An sa wasan ƙarfe sha biyu don baƙi su kama hanya da sauran rana. Garin ya cika. Wani Ibo mai shago kusa da fili ya rataya tutar kwaleji biyun duka, ya ce da Hausarsa shi duk wanda ya ci nasa ne, in dai za a sha lemo. Na sayi gasasshiyar masara, ta fi tamu araha kuma ta fi zaƙi.

Ni ina da hali ɗaya. Duk filin da na je sai na zagaya shi kafin wasa, ko ba a sa ni ba. Ina cikin zagayen na haɗu da mai kula da nasu filin, wani dattijo tsohon soja, mutumin Dabai, kowa na ce masa Saje. Da ya ji aikinmu ɗaya sai ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya kai ni inuwa, ya zuba mini kunun da matarsa ta dama. Muka yi ta hirar abin da ba wanda ya damu da shi sai mu: gara mai cin ƙafar turke, awakin da ke shiga fili, da yadda manya ke tuna mu sai ranar wasa. Layinsa ya miƙe, na yaba masa. Gangaren kuwa gaskiya ne, yana nan.

Da muka zo ragar da ke gangare, sai na ga abin da ban so ba. Gefen hagu, kusa da turke daga ƙasa, ta yage, Saje ya ɗaure wurin da robar tayar mashin, irin wadda ake ɗaure kaya. Duk mai ɗinkin raga ya san ba a yin haka. Igiya tsayawa take yi, roba kuwa buɗewa take yi ta koma ta rufe kamar ba a yi komai ba. Na faɗa masa. Ya ce ya sani, igiyarsa ce ta ƙare jiya. Ni kuma ba na rabuwa da basilla da ƙullin igiya a aljihu. Na ciro su ke nan, sai shugaba ya hango ni daga nesa ya ɗaga murya, wai an kawo ni goyon baya ko an kawo ni yi wa abokan gaba aiki. Mutanenmu suka yi dariya. Na ji kunya na mayar da basilla aljihu. Wannan laifina ne, na faɗa da bakina.

Aka fara wasa. Jama'a, na ga ƙwallo ranar nan. Rana na dukan kai amma ba wanda ya nemi inuwa. 'Yan Zuru da manyan gangunansu, mata da maza suna waƙa da Dakarci, yaren yankin, ƙasa har motsi take yi. Mai gangarmu shi kaɗai ne amma bai ba mu kunya ba. Su suka fara gangarowa, kafin hutu suka jefa mana ɗaya da ka. Fili ya kaɗa, wata mata ta zo har gabanmu tana rawa tana tambaya ko yau ma mota muke jira ta lalace.

Bayan hutu gangare ya dawo namu. Yaranmu suka taso kamar an zuba musu wuta. Lamba bakwai ɗinmu, wani siriri, ya yanke mutum biyu ya buga ta ƙasa, ta shiga. Ɗaya da ɗaya. Ban san lokacin da na jefar da hulata ba. Ni da ke cewa na girmi tsalle, sai ga ni a sama.

Ni da Saje muna zaune bayan ragar nan ta gangare, wurin da masu aikinmu ke zama. Saura kaɗan a tashi, siririn nan ya sake kwasowa ta hagu, ya saki wata irin ƙwallo. Sai ga ta a cikin raga tana juyi. Alƙali ya busa, ya nuna tsakiya. Mutanenmu suka ɓalle cikin fili, shugaba ya cire riga.

Ni ban tashi ba. A gabana aka yi. Ƙwallon ta wajen turke ta bi, ta daki robar nan, robar ta buɗe ta haɗiye ta, ta koma ta rufe.

Golansu ya yi ta rantsuwa, 'yan Zuru suka kewaye alƙali. Mai tuta, mataimakin alƙali, yana can ɗaya gefen, bai ga komai ba. Alƙali ya zo ya duba raga, ya ja nan ya ja can, bai ga rami ba. Saje ya miƙe ya ce ta gefe ta shiga, shi ya ɗaure wurin da roba, laifinsa ne. Namu suka yi masa ihu, wai me ɗan gida zai ce in ba haka ba. Dattijo ya tona wa kansa asiri a gaban garinsu, kuma ba a yarda da shi ba. Sai ya juyo ya dube ni.

"Malam, kai ma ka gani. Faɗa musu."

Wallahi na so in ce ban gani ba, ina ɗaure takalmi. Shekara nawa ina zuba layi ban taɓa ganin kofi a kwalejinmu ba, ga shi saura minti kaɗan. Amma sati biyu ana ce mana 'yan kyauta, in muka ɗauke shi haka, sun yi gaskiya ke nan, ko da ni kaɗai na sani. Kuma basillar da ta kamata ta rufe wurin tana aljihuna.

Ban yi dogon bayani ba. Na ɗauki ƙwallon, na zagaya waje, na tura ta jikin robar da hannu ɗaya. Ta faɗa ciki, robar ta rufe. Alƙali ya dubi rigar da ke jikina, ya dubi raga, ya ce in sake. Na sake. Ya soke cin.

Abin da na ji daga bakin mutanenmu ba zan rubuta ba. Masu kirana Baba suka manta da sunan. Aka ce kunu aka ba ni na sayar da kwaleji. Shugaba ya zo dab da fuskata.

"Baba, in kofin nan ya kwana a Zuru, kai ma nan za ka kwana. Ba ka da kujera a motata."

Na ce masa motar haya ce. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba.

Alƙali ya ce ba za a ci gaba ba sai an gyara. Ni da Saje muka durƙusa muka yanke robar, na ɗinke da igiya, mutum dubu na kallon ƙeyata. Aka ƙarasa wasa ɗaya da ɗaya, aka ce fenariti. Ku tuna, da fenariti 'yan Zuru suka zo nan. Saje ya matso ya ce kada in damu, yana da tabarma, kuma ƙanin matarsa na zuwa Koko da mashin ranar Litinin.

Kowa a filin kofi yake kallo, ni kujerar mota nake kallo. Suka ci, muka ci. Suka ci, muka ci. Na ukunsu ya ci, namu ya ɗaga ta sama har ta kusa shagon Ibo. Na fara tunanin tabarmar Saje. Na huɗunsu ya daki turke, namu ya ci. Uku da uku. Na biyar ɗinsu, kyaftin ne, ƙato, ya ja baya kamar zai koma Dabai. Ya buga dama, golanmu ya tashi dama ya ture ta. Saura siririn nan. Ya ajiye ƙwallo, bai ko ja baya sosai ba, ya tura ta tsakiya gola ya faɗi gefe.

Ta gaba ta shiga. Kowa ya gani.

Ban san wanda na runguma ba, daga baya na ga Saje ne, yana ta ture ni yana cewa shi fa an ci shi ne. A nan muryata ta tafi. Yaranmu suka zagaya fili da kofi, mai ganga ya fasa fatar gangarsa. Matar nan mai rawa ta wuce ta gabanmu ta ce duk da haka gasa na bin mu bashin wasa ɗaya. Gardama ba ta mutu ba ke nan.

Kafin mu tashi na ba Saje basillata da sauran igiyar, na nuna masa ƙullin da nake yi. Ya raka ni har mota da damin rake.

Ba wanda ya hana ni shiga, ba kuma wanda ya ba ni haƙuri. Kujerata ta kan taya tana nan. Daga Dabai har Koko ana gardama a kaina. Wasu suka ce na kusa kashe su da hawan jini a banza, wasu suka ce yanzu ba mai bakin cewa kyauta aka ba mu. Sai a Jega shugaba ya miƙo hannu baya ba tare da ya waiwayo ba, ya ce a ba shi rake. Na ba shi guntu. Mun shigo gari ana kiran isha.

Abin da na koyo bai da yawa. Mai goyon baya ba gaskiya yake nema ba sai in ta faɗo gefensa, ni ma da ba a gabana aka yi ba da ina cikin masu ihu. Kuma aikin da ka ga ya kamata ka yi, ka yi shi lokacin, ko ana dariya.

Da safe na je kasuwa na sayi sabuwar basilla, na wuce filinmu na duba ragunanmu. Na samu rami biyu, ɗaya ma da roba na ɗaure shi tun bara na manta. Na yanke ta, na zauna na ɗinke.